Taƙaitaccen Tarihin Yaƙin Shekara Bakwai, 1756 zuwa 1763

Gabatarwa

Yaƙin Shekara Bakwai shi ne sunan da aka ba wani gagarumin yaƙi da manyan ƙasashen Turai suka gwabza a tsakaninsu daga shekarar 1756 zuwa 1763. A ɓangare guda akwai Ingila da Furushiya, sai kuma Fotugal da ta bi bayansu daga baya. A ɗaya ɓangaren akwai Faransa da Ostiriya da Rasha da Suwidin da Saksoni, sannan Sifen ta shigo a 1762. Ko da yake a fadojin Turai aka ƙulla shi, an zubar da jini dominsa a Amurka ta Arewa, da tsibiran Karebiyan, da gaɓar Afirka ta Yamma, da Indiya, har zuwa tsibiran Filifin. Wannan ne ya sa wasu masana tarihi ke ɗaukarsa a matsayin yaƙi na farko da ya game duniya.

A cikin wannan bayani za mu duba musabbabin yaƙin, da yadda ya gudana a kowane fage, da abin da ya haifar. Za mu fi mayar da hankali a kan abin da ya raba gardama, wato kuɗi da jiragen ruwa, da kuma mutanen da nauyin biyan kuɗin ya faɗa wa bayan an ajiye makamai.

Musabbabin Yaƙin

Rigingimu biyu ne a kan ƙasa suka haɗu suka zama yaƙi ɗaya.

Ta farko ita ce rigimar Silesiya, wani lardi mai albarkar noma da saƙa da ma'adinai, wanda mafi yawansa yana cikin ƙasar Foland a yau. A 1740 Sarki Firedirik na Biyu na Furushiya, wata masarautar Jamusawa mai hedikwata a Balin, ya ƙwace wannan lardi daga hannun Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya, tana hawa gadon sarauta ke nan. An yi sulhu a 1748, aka bar wa Firedirik lardin, amma sarauniyar ba ta haƙura ba. Ta shafe shekaru tana gyara rundunarta da tsarin harajinta, tana kuma neman abokan ƙawance da za su taya ta karɓo abinta.

Ta biyu ita ce rigimar iyaka tsakanin Ingila da Faransa a Amurka ta Arewa. Turawan Ingila, waɗanda yawansu ya haura miliyan ɗaya, suna zaune a gaɓar tekun Atlantika, suna neman sabbin filayen noma a yamma. Faransawa kuwa ba su kai dubu ɗari ba, suna riƙe da Kanada da Luwiziyana, suna cinikin fatun namun daji da 'yan asalin nahiyar. Kwarin kogin Ohayo yana tsakaninsu, kowa na cewa nasa ne, alhali kuwa ƙabilu irin su Shawnee da Delaware da Mingo ne ke zaune a cikinsa. Sulhun 1748 bai shata wannan iyaka ba, aka bar wa wani kwamiti da ya yi ta zama ba tare da ya cimma matsaya ba.

A shekarar 1754 gwamnan Bajiniya ya tura wani matashin hafsa mai shekara 22, Joj Washinton, zuwa wannan kwari. Shi da mutanensa suka afka wa wata ƙaramar ƙungiyar Faransawa, aka kashe jagoranta mai suna Jumonville. Faransawa suka mayar da martani, suka tilasta wa Washinton miƙa wuya a watan Yuli. A shekara mai bi Ingila ta aiko da Janar Braddock da sojoji daga gida, sai Faransawa da ƙawayensu 'yan ƙasa suka tarwatsa rundunar a dajin Monongahela ranar 9 ga Yulin 1755, shi kansa ya rasa ransa sakamakon raunin da ya samu. Ke nan an shafe shekara biyu ana faɗa a Amurka kafin a yi shelar yaƙi a Turai a watan Mayun 1756.

Sauyin Ƙawance

Abin da ya haɗa rigingimun nan biyu shi ne Hanoba, wata ƙasar Jamusawa wadda Sarkin Ingila, Joj na Biyu, yake kuma sarauta. Turawan Ingila sun san cewa idan Faransa ta kasa kai musu ta teku, za ta kama Hanoba ta yi garkuwa da ita. Saboda haka a Janairun 1756 suka ƙulla yarjejeniya da Firedirik domin ya taimaka wajen kare ta. Wannan ya fusata Faransa, wadda a da ita ce ƙawar Furushiya. Ministan Ostiriya, Kaunitz, ya daɗe yana jiran irin wannan dama, don haka ranar 1 ga Mayun 1756 Faransa da Ostiriya, waɗanda suka shafe fiye da shekara ɗari biyu suna gaba, suka zama ƙawaye. Rasha a ƙarƙashin Sarauniya Elizabet ta riga ta kasance tare da Ostiriya, Suwidin kuma ta shigo a 1757.

Fagen Turai

Da Firedirik ya ga an kewaye shi ta kowace kusurwa, sai ya zaɓi ya riga abokan gaba kai hari. Ranar 29 ga Agustan 1756 ya mamaye maƙwabciyarsa Saksoni, ya tilasta wa sojojinta shiga rundunarsa, ya kuma riƙa tatsar dukiyarta har ƙarshen yaƙin. Jama'ar ƙasarsa ba su wuce kimanin miliyan huɗu ba, na abokan gabansa kuwa sun ninka haka sau da dama.

A Yunin 1757 Ostiriyawa suka ci shi a Kolin. Amma kafin shekarar ta ƙare ya yi nasarori biyu da suka ɗaukaka sunansa: ya fatattaki Faransawa da ƙawayensu a Rossbach ranar 5 ga Nuwamba, sannan ya karya Ostiriyawa a Leuthen ranar 5 ga Disamba, alhali a kowane karo abokan gaba sun kusa ninka sojojinsa. Sai dai kowace nasara tana cinye ƙwararrun dakaru waɗanda babu mai maye gurbinsu. An yi mummunar asarar rayuka tsakaninsa da Rashawa a Zorndorf a 1758. Ranar 12 ga Agustan 1759 Rashawa da Ostiriyawa suka haɗu suka ragargaza shi a Kunersdorf, inda ya yi asarar fiye da kashi ɗaya cikin uku na rundunarsa. Abin da ya cece shi a lokacin shi ne saɓanin da ke tsakanin hafsoshin ƙasashen biyu, waɗanda suka kasa yarda a kan matakin da za su ɗauka. A Oktoban 1760 an shiga Balin an karɓi kuɗin fansa, aka fita bayan 'yan kwanaki.

A ƙarshen 1761 Furushiya na gab da rushewa. Sai Sarauniya Elizabet ta rasu a Janairun 1762. Magajinta, Pita na Uku, mai sha'awar Firedirik ne ƙwarai, don haka ya yi sulhu da shi a watan Mayu, ya mayar masa da duk ƙasar da Rashawa suka ci ba tare da neman ko sisi ba. Suwidin ma ta janye a wannan wata. An hamɓarar da Pita a watan Yuli, amma matarsa Katarina da ta gaje shi ba ta koma yaƙin ba. Ostiriya, wadda baitulmalinta ya riga ya ƙare, ta rasa mai taya ta.

Kuɗi Da Jiragen Ruwa

A nan ne ya kamata mu tsaya mu duba dalilin da ya sa sakamakon ya kasance yadda ya kasance. Da farko al'amura sun caɓe wa Ingila. Faransawa sun ƙwace tsibirin Minoka a 1756, har aka harbe hafsan sojan ruwa John Byng a Maris na 1757 bisa laifin rashin yin iyakar ƙoƙarinsa. A wannan shekara ce Wiliyam Pitt ya karɓi jagorancin yaƙin, tare da Duke na Newcastle wanda ke kula da kuɗi da majalisa.

Dabarar Pitt ita ce a shagaltar da Faransa a Turai da kuɗin Ingila da sojojin Jamusawa, a kuma ƙwace yankunanta na ƙetare da jiragen ruwa. Daga 1758 Ingila ta riƙa ba Firedirik fam 670,000 a kowace shekara. Haka kuma ta ɗauki nauyin wata runduna a yammacin Jamus a ƙarƙashin Yarima Ferdinand na Brunswick, wadda ta ci Faransawa a Minden ranar 1 ga Agustan 1759, ta kuma tsare su a can har ƙarshen yaƙin.

Ingila ta iya yin haka ne saboda attajirai sun yarda su ba gwamnatinta rance a kan kuɗin ruwa mai sauƙi. Dalili kuwa shi ne majalisa ce ke amincewa da haraji, tana ware kuɗin biyan masu bin bashi, kuma an saba ganin ana biya a kan kari. A Faransa kuwa manyan masu sarauta da malaman coci suna da rangwamen haraji iri-iri, nauyin ya fi faɗa wa manoma, kuma masu ba da rance na tsoron sarki zai iya dakatar da biya, kamar yadda aka yi a 1759. Faransa ta fi Ingila yawan jama'a nesa ba kusa ba, amma ta kasa riƙe babbar rundunar ƙasa da babbar rundunar ruwa a lokaci guda.

A 1759 Faransawa suka shirya tsallakawa su mamaye Ingila kanta. Sojojin ruwan Ingila suka tare rukunin jiragensu na farko a watan Agusta kusa da Lagos ta ƙasar Fotugal, wadda ba ita ce Legas ta Nijeriya ba. Ranar 20 ga Nuwamba kuma Edward Hawke ya bi rukuni na biyu cikin guguwa har mashigin Quiberon ya tarwatsa shi. Daga nan Faransa ta kasa aika isassun sojoji, ko albarushi, ko abinci zuwa yankunanta na ƙetare.

Amurka Ta Arewa

A shekarun farko Faransawa a ƙarƙashin Janar Montcalm ne ke da rinjaye, musamman saboda goyon bayan ƙabilun ƙasar. Amma da kayan kyauta da na ciniki suka daina isowa daga Faransa, wannan ƙawance ya fara sanyi. A Oktoban 1758 aka yi yarjejeniyar Easton, inda wasu ƙabilu suka janye daga yaƙin bisa alkawarin cewa Turawan Ingila ba za su zauna a filayensu na bayan duwatsun Allegheny ba. Bayan wata guda Faransawa suka ƙone sansaninsu na Duquesne suka gudu, a wurin ne birnin Pittsburgh yake a yau. A Yulin wannan shekara an riga an ci ganuwar Louisbourg, mai tsaron hanyar shiga Kanada ta teku.

Ranar 13 ga Satumban 1759 sojojin Janar James Wolfe suka hau wani gangaren dutse da dare, suka wayi gari a bakin birnin Kwibek. Faɗan bai daɗe ba, Wolfe ya mutu a fage, Montcalm kuma ya cika washegari. Birnin Montiriyal ya miƙa wuya a Satumban 1760, mulkin Faransa a Kanada ya zo ƙarshe.

Indiya

A Indiya kamfanonin ciniki ne suka yi yaƙin, kowanne da sojojinsa, mafi yawansu 'yan ƙasa da aka ɗauka aiki. A Yunin 1756 mai mulkin Bangal, Sirajud Daula, ya ƙwace Kalkata daga hannun Kamfanin Gabashin Indiya na Ingila, saboda kamfanin yana gina ganuwa ba da izininsa ba. Robert Clive ya karɓo birnin a Janairun 1757, ya kuma ci sansanin Faransawa na Chandernagore. Daga nan ya haɗa baki da attajiran gidan Jagat Seth da babban hafsan Sirajud Daula mai suna Mir Ja'afar. Ranar 23 ga Yunin 1757 aka haɗu a Plassey, Clive da mutum kimanin 3,000, Sirajud Daula da kimanin 50,000. Ruwan sama ya jiƙa albarushin igwoyin Bangal, Mir Ja'afar kuma ya tsaya da dakarunsa bai shiga faɗan ba. Aka kashe Sirajud Daula bayan 'yan kwanaki, aka naɗa Mir Ja'afar, shi kuma ya biya kamfanin da hafsoshinsa dukiya mai ɗimbin yawa.

A kudancin Indiya an ci Faransawa a Wandiwash a Janairun 1760, hedikwatarsu Pondicherry ta faɗi a Janairun 1761. A 1765 kamfanin ya samu ikon karɓar harajin Bangal da Bihar da Orissa. Ta haka 'yan kasuwa suka zama masu mulki.

Gaɓar Afirka Ta Yamma Da Tsibiran Karebiyan

A bakin kogin Senegal Faransawa suna da tashar ciniki a tsibirin Saint-Louis, inda suke sayen ƙaro da bayi da zinariya. Ƙaro yana da daraja sosai a lokacin, domin masu buga zane a jikin yadi a Turai ba sa iya aiki sai da shi, kuma mafi yawansa daga wannan yanki yake fitowa. Wani ɗan kasuwa mai suna Thomas Cumming ya shawo kan Pitt, aka tura jirage suka karɓi Saint-Louis a Mayun 1758. A watan Disamba aka ci tsibirin Gore da ke daura da Dakar ta yau.

A Karebiyan kuwa rake ne dukiyar, kuma bayin da aka kwaso daga Afirka ne ke noma shi. Ingila ta kama Guadeloupe a 1759 da Martinique a 1762. Sauyin tuta bai sassauta wa bayi komai ba, sai ma ƙarin dubban bayi da 'yan kasuwar Ingila suka shigo da su Guadeloupe a shekarun da suka riƙe ta. A 1760, ana tsakiyar yaƙi, bayi a Jamaika suka yi babban tawaye a ƙarƙashin wani mai suna Tacky, da yawansu 'yan asalin gaɓar da ake kira Gana a yau ne. An murƙushe tawayen da tsananin azaba.

Shigowar Sifen Da Sulhu

Sarkin Sifen ya ƙulla ƙawance da ɗan'uwansa na Faransa a 1761, yaƙi ya ɓarke tsakaninsa da Ingila a Janairun 1762. Ya shigo a makare. Harin da ya kai Fotugal bai yi nasara ba, ya kuma rasa Habana ta Kiyuba a watan Agusta da Manila ta Filifin a watan Oktoba. A Habana cuta ta kashe sojojin Ingila fiye da yadda harsashi ya kashe. A lokacin Pitt ya riga ya ajiye aiki tun Oktoban 1761, sabon sarki Joj na Uku da ministocinsa kuma sun gaji da kashe kuɗi, har sun yanke tallafin da ake ba Furushiya.

Ranar 10 ga Fabrairun 1763 aka sa hannu a kan yarjejeniyar Faris. Ingila ta samu Kanada, da ƙasar da ke gabashin kogin Misisifi ban da New Orleans, da Filorida daga hannun Sifen, da Saint-Louis, da tsibiran Grenada da Dominica da Saint Vincent da Tobago, aka kuma mayar mata da Minoka. Faransa ta karɓo Guadeloupe da Martinique da Gore da tashoshinta na ciniki a Indiya, domin a lissafinta tsibiran sukari sun fi Kanada kawo riba. Sifen ta karɓo Habana da Manila, Faransa kuma ta ba ta Luwiziyana ta yamma. Bayan kwana biyar aka yi sulhun Hubertusburg tsakanin Furushiya da Ostiriya da Saksoni, kowa ya koma kan iyakarsa ta da. Silesiya ta zauna a hannun Firedirik. Babu wakilin ƙabilun Amurka, ko na Bangal, ko na Senegal a ɗaya daga cikin teburan nan biyu.

Halin Da Talakawa Suka Shiga

Masana sun ƙiyasta cewa mutum kimanin miliyan ɗaya ne suka mutu, da yawansu saboda yunwa da cuta. Manoman Saksoni da Fomeraniya da Silesiya sun fi kowa ji a jikinsu, domin kowace runduna da ta ratsa takan kwashe hatsi da dawaki da samari. Firedirik ya rage azurfar da ke cikin kuɗin ƙasarsa domin ya biya sojoji, abin da ya jawo tsadar kaya. Bayan yaƙin ya raba wa manoma iri da dawakin soja, ya kuma yafe wa lardunan da suka lalace haraji na wani lokaci. Dankalin turawa, wanda ya ba da umarnin a riƙa nomawa tun 1756, ya ƙara bazuwa a waɗannan shekaru, domin abin da ke cikin ƙasa ya fi wuyar kwashewa a kan hatsin da ke rumbu. Wani mai haɗa magunguna na sojan Faransa, Parmentier, ya rayu da dankali a lokacin da yake fursuna a Furushiya, da ya koma gida sai ya duƙufa wajen yaɗa nomansa. A Kanada kuma an kori dubban manoma Faransawa na Akadiya daga gonakinsu tun daga 1755, aka warwatsa su a ƙasashe daban-daban.

Abin Da Ya Biyo Baya

Bashin da ke kan gwamnatin Ingila ya tashi daga kimanin fam miliyan 75 zuwa sama da miliyan 130. Ga kuma sabuwar ƙasa mai faɗi da ke buƙatar sojojin tsaro. A 1763 ƙabilun yankin Ohayo da manyan tafkuna suka tayar da yaƙi, wanda aka fi sani da sunan jagora Pontiac, saboda Turawa sun ƙi janye sansanoninsu, baƙi kuma suna ta kwararowa. Gwamnati ta yi shela a watan Oktoba tana hana zama a yammacin duwatsu, abin da ya ɓata wa masu neman filaye rai. Daga nan majalisar Landan ta ɗora wa mazauna Amurka harajin sukari a 1764 da harajin kan sarki a kan takardu a 1765. Mazaunan suka ce ba za su biya harajin da majalisar da ba su da wakili a cikinta ta yanke ba. Tun da an kawar da Faransawa daga Kanada, ba su kuma jin suna buƙatar kariyar Ingila kamar da. A 1776 suka yi shelar 'yanci, kuma jagoran sojojinsu shi ne Joj Washinton.

Faransa ta sake gina rundunarta ta ruwa, ta shiga wannan sabon yaƙi a 1778 domin ta rama, ta ma karɓo Saint-Louis a 1779. Amma da rance ta yi wannan ramuwa, bashi ya hau kan bashi, har sarki ya rasa mafita sai ya kira taron wakilan ƙasa a 1789 domin neman sabon haraji, taron da ya rikiɗe ya zama juyin juya halin Faransa. A Turai kuwa Furushiya ta tabbata cikin manyan ƙasashe, gasarta da Ostiriya ta ci gaba har zuwa 1866.

Kammalawa

Mun ga yadda iyakar da ba a shata ba a kwarin Ohayo da lardin da aka ƙwace a Silesiya suka jawo ƙasashe nahiya-nahiya cikin yaƙi, da yadda ƙasar da ta fi tsarin haraji da rance ta rinjayi wadda ta fi ta yawan jama'a. Alamun wannan yaƙi suna nan har yau. Turancin Ingilishi ne ya mamaye Amurka ta Arewa, amma mutanen lardin Kwibek sun riƙe Faransanci. Guadeloupe da Martinique suna cikin Faransa har yanzu. Mulkin Ingila a Indiya, wanda aka aza harsashinsa a Plassey, bai ƙare ba sai a 1947.